Kafin ka ɗauki dagi

Da an gama ɗaurin gero an tsince wake, ƙasar Matameye takan shiga 'yan makonni na rige-rige. Hukuma na shirin sanar da ranar sakin gonaki, tumaki da awakin gari sun gaji da turke, makiyaya sun fara gangarowa daga arewa, duk wani ɗanyen ganye da ya rage a ƙasa ya zama abin nema. A daidai wannan lokaci ne samari irinku ke tashi da niyyar garka, wani a bayan gida, wani a gefen fadama wajen Dungu inda rake da rogo suka saba zama, kowa da lissafin tumatir da salati da kabeji a kansa. Niyya ce mai kyau, ƙannena, kuma ba yau aka fara ba. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta tura jama'a noman rani, garka ke ciyar da gidaje da dama a kwarin Korama in rumbu ya yi ƙasa. Sai dai na lura yawancinku kun san kuɗin iri, kun san na injin ban ruwa, amma shinge sai ranar da akuya ta shiga kuke tunawa da shi.

Mu fara da sanin wanda nauyin yake wuyansa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin taguwar Barra'u ɗan Azib, wadda ta faɗa gonar wani ta yi ɓarna. Hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke shi ne tsaron shuka da rana na mai shuka ne, abin da dabba ta ɓata da dare kuwa mai ita zai biya. Haka yake a Risalar da ake biyawa a zaurukanmu. Mai gari da hukuma suna da nasu hanyoyin sasanci da tara, amma tushen maganar ke nan. Saboda haka in akuyar gwaggo ta kutsa da hantsi ta aske maka salati, kafin ka isa ƙofar gidanta da kumfar baki, tsaya ka dubi inda ta bi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada ka haƙa rami ko ɗaya sai maganar iyaka ta mutu. Ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan 400,000 a gundumar Kance, wadda Matameye ce cibiyarta, kuma ƙasa ce cikin mafi cunkoso a Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke kallonta. A irin wannan wuri taƙi ɗaya na ƙasa ya isa ya raba zumunci. Dangar kara iska ke kwashe ta a shekara, a sake aunawa. Dirka kuwa inda ka kafa ta nan mutane za su ɗauka iyaka take, bayan 'yan shekaru ba mai tuna asali. Kira maƙwabcinka ya tsaya, kira mai unguwa da dattijon da ya san inda gamba ko aguwar iyaka take tun da, a ja igiya a gabansu. In filin aro ne ko jingina, gaya wa mai shi irin shingen da za ka yi, musamman in akwai dashe a ciki, domin a al'adarmu dasa itace alamar mallaka ce, yana iya ganin ka fara yi masa ƙwace cikin ruwan sanyi. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye don irin wannan, yau kuma akwai su daga ƙauye har gunduma. Karɓi takardarsu ka ajiye. In gefe guda katangar maƙwabci ce, nemi izninsa ka jingina tanka a jikinta ka huta da sayen wasu dirkoki. Akwai hadisin Abu Huraira da ya hori maƙwabci kada ya hana irin wannan, amma horon nasa ne, roƙon naka.

Burtali da hanyar mashaya ka bar su yadda ka same su. Yaro kan ga hanyar shanu fayau ba kowa ya ce me zai hana in ƙara taki biyu. Manyanku ba su manta Toda ba, a jihar Maradi, inda a Oktoban 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara. Ba cewa nake dangarka za ta jawo haka ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake dabbar da aka toshe wa hanya ba ta komawa inda ta fito, ta cikin shukar wani take bi.

To, sai itace. Nan zan daɗe, don nan ake yin asarar da ba ta bayyana sai bayan damina biyu.

Duk wanda ya biyo hanyar Takieta zuwa Matameye ya ga gawo iyakar ganinsa, shi ya sa shi ne farkon abin da idon mai neman dirka ke faɗawa a kai. Kada ka taɓa shi. Ko don kanka ma bai dace ba: itacensa taushi gare shi, gara da ƙwari masu huda ba sa daɗewa suke gamawa da shi. A tsaye kuma ya fi kowace dirka amfani, tunda da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana da taki, da rani ya ciyar da raguna da 'ya'yansa. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya gina ganuwar birnin ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani, har na kisa, a kan mai sare gawo. Fari da gatari sun zo sun yi wa gonaki ƙwalƙwal a shekarun 1970 da 1980. Iyayenku ne suka dawo da itacen, ba da dashe ba, da barin tsiron da ya fito da kansa suna rage masa rassa, abin da ake kira sassaben zamani. A Maradi wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi ta yaɗa wannan dabara tun daga 1983; a nan wajenmu mutane dama sun san darajar gawo, yunwa ce ta tuna musu. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya ƙiyasta gonakin da suka sake yin itace a Magarya da Matameye da Mirya sun kai wajen hekta miliyan 1, a ƙasa baki ɗaya kuma ana maganar hekta miliyan 5 da itace miliyan 200. Baƙi na tasowa daga nesa su zo kallo. Ba zai yi kyau a ce ɗan gida ne ya kayar da gawo mai shekara ashirin don ya kare kwandon tumatir ba. Dokar daji ta 8 ga Yunin 2004 na nan, kuma ko da yake a 2020 an fitar da wata da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa, leƙa wurin ma'aikatan gandun daji kafin ka wasa gatari. Tararsu ta fi kuɗin dirka.

In ana maganar itacen da ke jure zama cikin ƙasa, kirya ce gaba. Ba banza maƙera ke neman gawayinta, masassaƙa ke yin turmi da ita ba. Amma ta yi ƙaranci, girmanta kuma na ɗaukar shekarun mutum, don haka ɗanyarta ba ta cikin lissafinka. In ka ji ana rushe tsohuwar rumfa ko ana sake gindin rumbu, je ka taya tsofaffin dirkokin kirya, ka ajiye su don kusurwa da ƙofa. Marke da bagaruwa da taramniya suna biye. Azarar giginya, ta namiji, gara na jin tsoronta, aljihu ma haka. Gaskiyar magana yawancinku dogon yaro da turare za ku ƙare da su daga kasuwa, ba kuwa abin kunya ba ne, in dai kun iya zaɓe. Dubi bakin sara. Za ka ga jan tsakiya, ka ga farin da ke zagaye da shi ƙarƙashin ɓawo. Jan shi ne itacen, farin abincin gara ne. Sandar turare siririya miƙaƙƙiya da ke burge ido kusan duk fara ce. Ta yi tanka, tunda ba ta taɓa ƙasa, amma in ka binne ta kuɗinka ka binne. Dirka ta kai kaurin santimita 10 zuwa 12, ta kusurwa 15, tsawo wajen mita biyu. Karkatacciya mai ja ta fi miƙaƙƙiya fara.

Ɓare ɓawon tas, don ƙarƙashinsa ƙwari ke kwana danshi ke maƙalewa. Jera sandunan a inuwa bisa duwatsu su sha iska na 'yan makonni. Dirka ba a can ƙasan rami take mutuwa ba, ba kuma a sama ba. A wuya take mutuwa, daidai inda ƙasa ta ƙare iska ta fara, inda laima da iska suka haɗu. Shi ya sa in za ka babbaka gindinta, kamar yadda iyayenmu ke yi, wutar ta wuce wuyan da taƙi guda, ta yi baƙar fata kawai, kada ta kai ga tsagewa. Babbaka na ƙara kwana, amma kada wani ya ruɗe ka, ba ta mayar da turare kirya. Haka toka da ganyen dogon yaro da ake zubawa a rami, taimako ne ɗan kaɗan. Za a ba ka shawarar baƙin mai daga gareji, kuma lallai gara ba ta son sa. Ni ban yarda da shi a garka ba. A fadamun Korama ruwa kusa yake, rijiyar da kake ban ruwa da ita nan take taki kaɗan daga shingen, daga ita yara ke sha in sun kawo maka abinci.

Lokacin haƙa shi ne ƙarshen damina, ƙasa na da sauran sanyi. In ka makara rairayi ya bushe, ramin zai riƙa rufta maka. Zuba ruwa a wurin da marece, ka haƙa da safe. Fara da kusurwoyi huɗu da dirkokin ƙofa, ka ja igiya tsakaninsu, sannan ka sa alamar sauran, kada tazara ta wuce mita biyu. In kana son kusurwa ta tsaya daidai, auna kamu uku a wannan gefe, huɗu a wancan. In tsakanin alamun biyu ya ba da biyar, ta yi. Lissafin Pitagor ne da kuka yi a kwaleji kuna tambayar amfaninsa. Kashi ɗaya cikin uku na dirka cikin ƙasa yake zama, wato santimita 60 zuwa 70, kusurwa da ƙofa su fi haka, a jigawa ma a ƙara. Ramin ya zama matsattse, aikin dagi ne, ba na shebur ba. A nan ne ragwanci ke kama yaro, rana ta take, hannu ya yi kanta, ya ce kamu ɗaya ma ya isa. Bai isa ba. Sa ma ya zo ya soshe ƙaiƙayinsa sau ɗaya ya gaya maka.

Zuba 'yar tsakuwa a ƙasan rami, tsayar da dirkar, wani ya riƙe maka yana duba ta da zare mai dutse a baki. Mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan, kowane tafi huɗu ka kirɓa da gindin sanda mai nauyi har ka ji ta daina nutsewa. In akwai marmara kusa, gauraya. Wanda ya tura ƙasa gaba ɗaya ya taka da ƙafa, samansa kawai ya danne. Siminti ba dole ba ne. In ka sa shi ya zama kwano ruwa na kwanciya a wuyan dirka, ka gaggauta mata ruɓa da kuɗinka. Tara ƙasa a gindin ta yi ɗan tudu, ka sassaƙe kan dirkar a karkace ruwa ya riƙa zurarewa. Kowace kusurwa a tokare ta daga ciki. Gefen gabas kuma ka ba shi kulawa ta dabam, don daga can hadarin farkon damina ke tasowa da guguwarsa.

Tanka ta zauna ta waje, ɓangaren da dabba take, yadda in ta tura, sandar za ta danne dirka maimakon ta zare ƙusa. Ɗan fafe mazauninta da gizago. Kada mahaɗin tanka ta sama da na ta ƙasa su faɗo kan dirka ɗaya, a saɓa su. Busasshiyar kirya lanƙwasa ƙusa take, can waya ta fi, ko igiyar kaba ko ta ɓawon kalgo in za ka iya sabunta ta duk shekara. Ƙofa ta yi faɗin da amalanke zai shiga da taki. Yankin tsohuwar taya ya ishe ka maratayin ƙyaure, ya kuma fi wasu ƙarafan kasuwa daɗewa.

Wani zai nuna maka hoto a waya, shingen Turawa na dirka da tanka biyu ko uku, an shafe da farin fenti, ya ce irin wannan yake so. Yana da kyau a ido. Amma don dawaki da shanu aka yi shi, a ƙasashen da dabba ke cikin shinge, shuka na waje a sake. Mu nan shuka ce a tsare, abokiyar karawarmu kuma akuya ce, wadda ke bi ta ƙasa, ta bi ta tsakiya, in ta samu abin takawa ta bi ta sama. Dirka da tanka ƙashin shinge ne kawai. Sa tanka huɗu, ta ƙasa kada ta wuce taƙi daga ƙasa, sannan ka cike tsakani da abin da kake da shi: karan dawa a tsaye, zanar gamba, sandunan sabara da geza a saƙe, ko ragar waya in aljihu ya yarda, a binne bakinta saboda 'yan awaki da kaji. Zana na tare iskar hunturu, abin da ƙananan shuka ke so, amma duk iskar da ta tare dirka ce ke ɗaukar nauyinta, sai a ƙara tokara. Kara kuma kada ya zauna cikin ƙasa jingine da dirka, gara ta kansa take hawa.

Ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ko ka yi duk abin da na faɗa, shingen itace aron lokaci ne. Na turare da dogon yaro 'yan shekaru ne, na kirya ya fi haka, amma kowanne ranar da ka kafa shi ya fara tsufa. In duk saurayin da ke Kurni da Yawuri da Tsauni zai riƙa saran sabbin dirkoki da ƙaya duk bayan shekara uku, itacen da iyayenku suka raina ba zai kai ga 'ya'yanku ba. Don haka amfanin shingen nan biyu ne: ya tsare kayan miyan bana, ya kuma yi renon shingen da zai gaje shi. Ta ciki, kamu guda daga layin dirkoki, ja layin dashe. Aguwa da dashi da cini da zugu reshe ake yankowa a kafa, a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka, don in ƙasa ta jiƙe sosai ruɓewa suke. Dashi mai kauri ma dirka ce da kanta, dirkar da ke yin saiwa, gara ba ta ga wurin kama ta. Bagaruwa da magarya da dakwara a leda ake renonsu tun bazara, irin bagaruwa a jiƙa shi da ruwan zafi ya kwana kafin shuka, a dasa in damina ta zauna, tazarar rabin mita. Ranar 3 ga Agusta, da ƙasa ke bikin dashen itace tun 1975, lokaci ne da ya dace, in ka samu rabon tsiro ka san inda za ka kai shi. Suna kai ƙugu ka sare kansu su yi rassa ta ƙasa, in ba haka ba za su miƙe su bar wa akuya ƙofofi a gindi.

Kowanne da ribarsa. Bagaruwa majema na sayen 'ya'yanta, magarya yara da kasuwa, dakwara ƙaro. Ku kuma ƙannena mata masu 'yar garkar zogale da yakuwa a bayan ɗaki, layin lalle ya fi muku, yana yin duhu, yana son ruwan da kuke zubawa, ganyensa kuma ba ya kwantai. Kowanne kuma da hakinsa: saiwarsu na shan ruwan fangalin da ke kusa, sai a bar 'yar tazara a riƙa datse ta da fartanya. Dogon yaro kada ya shiga layi, inuwarsa da saiwarsa sun fi ƙarfin kayan lambu. Ba shi kusurwa ɗaya ta arewa, in ya girma ka riƙa sare kansa, duk bayan 'yan shekaru ya ba ka sandunan gyara ba ka je kasuwa ba. Baƙuwar ƙayar nan da ake kira Prosopis tana saurin rufe wuri, amma tambayi mutanen Gigimi yadda ta mamaye musu bakin tafkin Cadi kafin ka kai ta fadama.

Duk shekara, kafin hadarin farko, zagaya ka girgiza dirkokin ɗaya bayan ɗaya, ka kankare ginin gara, wadda ta yi laushi a wuya ka kafa mata wata a gefe ka ɗaure su tare. Sannan ka san da wani mai cin shinge da ba shi da ƙaho. In damina ta yi nisa, makamashi ya jiƙe, baƙi sun sauka, tuwon dare bai nuna ba, ba abin da ya fi busasshiyar tanka kusa da madafa. Ba wanda zai ce ya ɗauka, kai kuma ba ka isa ka tuhumi inna ba. Tun da sauran rani ka tara wa gida itacen girki a rumfa, ka rufe shi da tsohuwar zana, ka haɗa kuɗinsa cikin kuɗin shinge tun ranar da kake lissafin ƙusa da waya.